Labarin fyaɗe a kafofin Yamai: wa ake rufa wa asiri, wa ake tonawa?

Labarin fyaɗe a Yamai kusan kullum ta ƙofa ɗaya yake shiga ɗakin labarai, ƙofar komisariya ko ta jandarmomi. A kira ƴan jarida da hantsi, a jera waɗanda aka kama a jikin bango, ɓarawon babur kusa da mai sayar da taramol, can ƙarshen layi kuma wani magidanci da aka ce ya yi wa ƴar maƙwabta fyaɗe. Jami'i ya karanta takardarsa da Faransanci, a maimaita da Hausa da Zabarmanci, sannan ya rufe da kira ga iyaye su sa ido a kan ƴaƴansu mata, su daina ɗora musu talla har dare. Da magariba labarin ya fita, bai cika minti 2 ba. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa. Ko an kai mutumin gaban alƙali, ko danginsa sun bi ta ƙarƙashin ƙasa an sake shi, ko yarinyar ta koma lakkol, babu mai tambaya.

Duba abin da ya faru a wannan ɗan taƙin. Namiji ne ya yi laifin, namiji ya ba da labarin, amma wa'azin da aka rufe da shi a kan uwar yarinyar ya sauka. Mai sauraro zai tashi da darasi ɗaya: da an tsare ta a gida da hakan bai faru ba. Daga nan ne masu fafutukar ƴancin mata suka soma sukar aikin jarida, kuma sun daɗe suna yi. Ƙorafinsu ba wai ba a ba da labarin ba ne kawai. Cewa suke yi yadda ake ba da shi yana koya wa jama'a wanda za su tuhuma da wanda za su yi wa uzuri.

Akwai wata ƙidaya da ake yi a duniya duk bayan shekara 5 tun 1995, inda ake ɗaukar labarun rana ɗaya a ƙasashe da dama a lissafta su wa aka ji muryarsu ko aka yi magana a kansu. A 1995 mata kashi 17 cikin 100 ne. A 2020 sun kai kashi 25. Shekara 25 ke nan aka ƙara maki 8. Ba sai an yi mana irin wannan lissafi a nan ba, kunne ya isa. A labarin da ya shafi jikin mace, za ka ji komishinan ƴan sanda, ka ji liman, ka ji mai unguwa, wani lokaci har da maƙwabcin da zai ce wallahi mutumin kirki ne, sahun farko yake salla. Ungozomar da ta duba yarinyar da ma'aikaciyar jin ƙai da ta zauna da ita ba kasafai ake miƙa musu makirfo ba.

Idan kuma aka ce yau za a ji daga bakin wadda abin ya faru da ita, sai a faɗa wani ramin. Na sha ganin irin wannan hira a talabijin: an sa ta ja mayafi ta rufe fuska, ko an dushe fuskar da na'ura, an ce an ɓoye ta. Amma muryarta tana nan yadda take. Atamfar jikinta ita ce ankon da aka yi a bikin unguwa watan jiya. A bayanta ana hango ƙofar gida mai shuɗin fenti da bishiyar dogonyaro, kuma ɗan jaridar ya riga ya faɗi sunan unguwa, da ajin da take, da sana'ar ubanta. A Bukoki ko Talaje wannan ya isa a gane ta kafin sallar isha'i. A ƙauyen jihar Tawa mai gida 200 ma ba a bukatar ko ɗaya daga ciki, faɗin sunan garin kaɗai ya wadatar. Kafin gari ya waye an yanko wurin an sa a WhatsApp, yana yawo daga fada zuwa fada. Shi kuwa wanda ake tuhuma, in mai hali ne, sai ka ji an ce "wani bawan Allah" ko "wani babban mutum da muka sakaya sunansa". Rufin asirin da al'adarmu take girmamawa yana nan daram a aikin jarida, sai dai ga wanda ya yi ɓarnar ake kai shi.

Kalmomin ma suna da nasu aikin. Mai karanta labarai da kunya ta hana shi cewa fyaɗe yakan ce "ya yi lalata da ita", alhali lalata abu ne da mutum biyu suke haɗuwa su yi. Wani ya ce "ya lalata ta", kamar ita ce ta zama abin zubarwa. A shirin da ake buga waya kuwa, tambayar farko ba ta canzawa: me ya kai ta ɗakinsa? Mai gabatarwa ya yi dariya ya ce to masu sauraro kun ji, ya karɓi kira na gaba.

Wani abin da matan nan suka lura da shi, kuma a ganina shi ne ya fi nauyi, shi ne wane irin fyaɗe ne yake zama labari. Yarinya ƴar shekara 5 da baƙo ya ja ta cikin kango, wannan kowa zai la'anta, babu gidan rediyon da zai ji tsoron sa shi. To amma hukumar lafiya ta duniya, a rahotonta na 2021, ta ce kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko tilastawa a rayuwarta, kuma mafi yawan wannan daga hannun miji ko saurayi yake. Tilastawar da ta fito daga hannun wani daban, kashi 6 cikin 100 ne na mata suka ba da rahotonta. Ke nan abin da muke yawan ji a rediyo shi ne mafi ƙaranci a zahiri. Ƴar aikin da aka kawo daga ƙauye tana kwana a tsakar gida, da ɗalibar da malami ya ce ta same shi in tana son maki, da bazawara, da mai tallan fura a tasha, da matar da take zaman kanta, duk waɗannan sai an fara yi musu awon tarbiyya kafin a yarda cewa an cuce su. Da zarar an samu ɗan abin faɗa a kanta, labarin ya mutu tun a teburin edita.

Dokar ƙasa ba ta yi wannan bambanci ba. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar, bayan gyaran 2003, ya bayyana fyaɗe a aya ta 283, ya kuma yanke masa ɗaurin shekara 10 zuwa 20 a aya ta 284, ko 15 zuwa 30 idan wadda aka yi wa ba ta kai shekara 13 ba. Babu inda ya tambayi irin suturar da ta sa ko ƙarfe nawa ta fita. Inda dokar ta yi shiru shi ne cikin ɗakin aure, ba ta ambaci tilastawar miji da suna ba. A nan ne kuma jaridunmu suka fi yin gum. Wani binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, dokar farar hula kuma ta sa shekarun auren mace a 15. Ana yin shirye-shirye a kan auren wuri, gaskiya ne, amma a babin ilimi ko na lafiya ake sa su: ta bar lakkol, ta samu yoyon fitsari. Abin da ya faru tsakanin ranar ɗaurin aure da ranar da aka kai ta asibiti, babu mai son ya kira shi da sunansa. Na san dalilin, kuma ba na raina shi. Gidan rediyon da ya taɓo wannan zai sha huɗuba ranar Juma'a, mai gidan kuma yana da haya da kuɗin lantarki a wuyansa.

Da zarar mace ta ɗaga irin wannan magana a Yamai, amsar a shirye take: aƙidar Turawa ce, an biya ta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki ta wani gefe, zan zo kansa. Amma mai faɗin haka ya manta cewa a fiƙihun Malikiyya da muke bi, wadda aka tilasta babu haddi a kanta, hukuncin yana kan wanda ya tilasta ta, har da biyan sadakinta. Ya manta kuma cewa Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila da zina ba tare da shaidu ba. Mai buga waya gidan rediyo ya yanke wa yarinyar da bai taɓa gani ba hukuncin cewa da ma ƴar iska ce, ba addini yake karewa ba. Ya manta har wa yau cewa ranar 13 ga Mayu 1991 matan Yamai ne da ƙafafunsu suka yi tattaki zuwa ofishin firaminista don an ba su kujera ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa, shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. Babu wanda ya aiko su daga Faransa.

Yanzu ga inda labarin gaskiya yake, inda kyamara ba ta shiga: zaure. Mafi yawan maganar fyaɗe a ƙasar nan ba ta isa komisariya, balle kotu. Da an ji abin ya faru, kafin uwar ta gama kuka dattawa sun iso. A tafi wajen mai unguwa ko maigari, a zauna a kan tabarma. Dangin namijin su ce Alhaji a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne, yaron nan ɗanka ne. Wani ya ce wa uban: ka tuna ƴarka ce za ta rasa miji in maganar ta fita. A ajiye kuɗin magani, wani lokaci da ɗan abin da ya ɗara haka, a shafa fatiha. A wasu wuraren a ce tun da abin ya riga ya faru a ɗaura musu aure. Yarinyar tana cikin ɗaki, ba a tambaye ta ba. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigimar al'ada da ta dukiya, gona da gado da bashi, ba ta ba su ikon sasanta babban laifi ba. Kowa ya san haka, kowa kuma ya san ana yi.

Ɗan jaridar da yake son yin aiki a kan fyaɗe ba tare da ya taɓa mutuncin ko yarinya ɗaya ba, ga aiki nan jibge. Ƙara nawa aka shigar a kotun Tawa bara, nawa aka yanke wa hukunci, nawa aka janye? Nawa ne aka sauya musu suna daga fyaɗe zuwa ƙaramin laifin taɓa mutunci don a gama da wuri, kamar yadda akan yi a tsarin shari'ar da muka gada daga Faransa? Wa yake biyan kuɗin takardar likita, kuma iyayen da ba su da shi yaya suke yi? Wata nawa fayil yake kwana wajen alƙali mai bincike? Uban da zai bar gonarsa a Buza ko Keita ya yi ta zirga-zirga zuwa kotu, sau nawa zai iya kafin ya ce ya bar wa Allah? Waɗannan tambayoyi ne da suke juya kyamara daga fuskar yarinya zuwa ga hukumomi, kuma shi ne babban abin da masu fafutukar suke nema. Wahalarsu ita ce suna cin lokaci, ba su kuma da hoton da zai ja hankali.

Akwai labari ɗaya da kafofinmu ba sa wasa da shi: an tsinci jariri a kwata, ko a masai, an kama uwar. Nan za ka ga fuska a fili, ka ji suna, ka ji tsinuwa. Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ba ta sa fyaɗe cikin dalilan da za a iya zubar da ciki ba, yarinyar da ta yi cikin shege kuma ta san abin da ke jiranta a gida. Kashe rai laifi ne, babu mai musu. Amma cikin nan ba ita kaɗai ta yi shi ba, kuma da wuya ka ji ɗan jarida ya tambayi wane ne uban, shekarunsa nawa, shekarunta nawa lokacin da abin ya faru, da yardarta ne ko babu. Sau da yawa labarin fyaɗen da aka binne a zaure shi ne yake dawowa bayan wata 9, wannan karon ita ce a jikin bangon komisariya.

Su kansu masu fafutukar bakinsu bai zo ɗaya ba a kan babbar tambaya: a ɓoye sunan wadda aka yi wa, ko a bayyana? Wasu suna cewa ɓoyewar ita ce take tabbatar wa jama'a cewa abin kunya ne a gare ta. Wanda aka yi wa fashi ba ya rufe fuska, don me wadda aka yi wa fyaɗe za ta rufe? Wannan ra'ayi ya samu babban misali a 2024, lokacin da Gisèle Pelicot ta ƙi yarda a yi shari'arta a asirce a birnin Avignon na Faransa. Mijinta ya shafe shekaru yana ba ta maganin barci yana kawo maza. Ta ce kunyar ta koma ɓangarensu. Kotu ta samu maza 51 da laifi, mijin ya samu shekara 20. Duniya ta yaba mata, kuma ta cancanta. Sai dai mace ce da ta haura shekara 70, da ƴaƴa manya, da lauyoyi, da hujjar bidiyo da ƴan sanda suka samu a kwamfutar mijin. Babu wanda zai fasa auren ƙanwarta saboda ta yi magana.

Misalinmu na gida ya fi koyarwa. Hadijatou Mani, daga yankin Birnin Ƙonni a jihar Tawa, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240, ta zama wahaya, wato mace ta biyar da ba a ɗaura mata aure ba. Tun ba ta kai 13 ba ubangidan ya fara tilasta mata, ta haifa masa ƴaƴa. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci amma ya ce matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata wata 6 a kan aure kan aure. Kotunan gida sun yi ta juya maganar a matsayin rigimar aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Hadijatou ta tsaya da sunanta da fuskarta a gaban duniya, kuma tsayuwar ta yi amfani: a 2014 kotu a Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 a kan riƙe wahaya. Amma a lura da abu biyu. Ita ta zaɓa, kuma ba ita kaɗai ta tsaya ba, ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi suna bayanta shekara da shekaru. Na biyu, manyan kanun labarai na duniya bauta suka ɗauka, ita ce mai jan hankali, tilastawar da aka yi wa yarinya ƴar shekara 12 kuma ta koma can cikin sakin layi. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, don haka mai irin matsalarta yau ƙofar wannan kotu a rufe take gare ta.

A ƙetaren iyaka, a 2019, matan arewacin Najeriya sun fito a Twitter da taken ArewaMeToo suna faɗin abin da aka yi musu, wasu har da sunayen mazan. Cikin kwanaki ƴan sanda suka kama ɗaya daga cikin masu tsaya musu, Maryam Awaisu, a Kaduna. An sake ta, amma saƙon ya isa. A tawa fahimtar, gardamar suna ko ɓoye suna tana da amsa mai sauƙi idan aka tambayi wa ke da ikon yankewa. Labarin nata ne. In babba ce, ta san abin da zai biyo baya, tana da inda za ta kwana idan gidansu suka juya mata baya, ta ce a faɗi sunanta, a faɗa. In yarinya ce, ko uban ya yarda ba a faɗa, domin shi ba shi ne zai zauna da abin shekara 40 ba. Ɗan jaridar da ya lallashe ta da cewa maganarki za ta ceci wasu, ya ɗauki muryarta ya hau babur ya tafi, ya ci amanarta ko da niyyarsa mai kyau ce.

Na ce zan dawo kan zancen Turawa. Manyan kafofin waje suna da tasu cutar, kuma matan Afirka masu fafutuka ne suka fi kowa faɗin ta. Inda yaƙi yake, nan suke tururuwa neman macen da za ta ba da labarin abin da aka yi mata dalla-dalla. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan matan Yazidawa 26 da suka kuɓuta daga hannun ƴan IS a Iraƙi ya nuna kashi 85 cikin 100 sun ce ƴan jarida sun yi musu abin da bai dace ba, kamar matsa musu su yi magana ko bayyana su ba da yardarsu ba. Irin wannan ne ya sa a 2022 aka fito da ƙa'idar yin hira da irin waɗannan mata, aka sa mata sunan Bayazidiya Nadia Murad, wadda ta samu lambar Nobel a 2018 tare da likita Denis Mukwege na Kwango. Mu ma muna da Difa da Tilaberi, muna da matan da aka sace a Ngalewa a 2017, muna da sansanonin ƴan gudun hijira a arewacin Tawa. Macen da take zaune a runfar leda, mai tambayar kuma ya sauko daga motar da take kawo abinci, in ta ce ta yarda a yi hira da ita, wace irin yarda ce wannan?

A cikin gida kuma akwai lokacin da labarin cin zarafin mata yake yin kaka kamar gero: daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, kwanaki 16 na gangami. Ƙungiyoyi su kama ɗakin otal, a rarraba riguna, ƴan jarida su sa hannu a takardar pardiyam, wato kuɗin halartar taro, da yamma a nuno minista tana jawabi. Ranar 11 ga Disamba shiru. Ba na ganin laifin ɗan jaridar da yake karɓa, wanda wata 3 bai ga albashi ba ba za a yi masa wa'azin ƙa'ida da ciki fayau ba. Amma sakamakon shi ne jama'a sun saba jin maganar daga bakin mai ba da kuɗi, da kalmomin da aka fassaro daga takardar aiki, shi ya sa suke ɗaukar ta kayan aro.

Ɗakin labaran kansa ba tsarkakakke ba ne. Tun zamanin marigayiya Mariama Keïta, mace ta farko ƴar jarida a Nijar, wadda ta shugabanci rediyon ƙasa Muryar Sahel ta kuma rasu a 2018, mata sun yi yawa a aikin, makarantar koyon aikin jarida ta Yamai tana yaye su kowace shekara. Sai dai yawancinsu a gaban kyamara suke ko a shirin mata da girke-girke. Wanda yake yanke abin da zai shiga labarai da abin da za a jefar, galibi namiji ne. Ƴan mata masu koyon aiki kuma suna da labaran da suke faɗa wa juna a tsakaninsu, game da wanda ba a shiga ofishinsa kai kaɗai da wanda yake kira da dare. Gidan da bai iya sauraren ƙorafin ma'aikaciyarsa ba, da wuya ya iya sauraren ta waje. Ba kuma zan ce sa mace a kujerar edita zai gyara komai ba, don na ji mata a rediyo suna yi wa yarinya tambayar da namiji zai ji nauyin yi.

Dole a yi wa wanda ake tuhuma adalci shi ma, kuma masu fafutukar da suka san aikin ba sa musun haka. Mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta ce, jera shi a gaban kyamara kafin shari'a ma take haƙƙi ne. Ɗan jarida kuma yana da dalilin taka-tsantsan: dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka cire mata ɗauri a kan ɓata suna a 2022, an mayar mata da shi a Yunin 2024, shekara 1 zuwa 3. Wanda ya rubuta sunan babban mutum a Facebook ba tare da hujja a hannu ba, gidan kaso zai iya kwana. Ƴan jaridar Amurka da suka fallasa cin zarafin mata da mai shirya fina-finai Harvey Weinstein ya yi ta yi, a 2017, watanni suka yi suna tara takardun sulhun da ya biya da shaidar mata da yawa kafin su buga kalma ɗaya. Abin da ba daidai ba shi ne a tara duk shakkun a kan bakin mace, a ce "tana iƙirarin", shi kuwa a ce "ya bayyana cewa".

Abu na ƙarshe ƙarami ne, kuma babu dokar da ta hana shi. A ƙasar da mafi yawan mata a rediyo suke samun labari, da gidajen rediyon karkara fiye da 100 da shirye-shirye irin na Studio Kalangou da ake watsawa cikin harsunan ƙasa, kowane labarin fyaɗe yana isa kunnen wata uwa da abin ya faru a gidanta jiya ba ta faɗa wa kowa ba. Abin da take bukatar ji shi ne a kai yarinyar asibiti kafin awa 72, don maganin kariya daga sida bayan nan ba ya aiki, maganin hana ɗaukar ciki kuma iyakarsa awa 120. Kada a wanke tufafin da ke jikinta, a naɗe su a ajiye. A nemi takardar likita ko da ba a yanke shawarar kai ƙara ba tukuna, domin dangi suna iya canza ra'ayi bayan wata ɗaya amma raunin ya riga ya warke. Akwai kuma hukumar ANAJJ da aka kafa don taimaka wa marasa hali da lauya, da ƙungiyar mata masana shari'a. Faɗin wannan duka bai fi daƙiƙa 30 ba, daidai tsawon wa'azin da ake yi wa iyaye a kan talla.